Jar Safar da Ke Kan Kik

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, yau ba hoton tsohon babur na kawo muku ba. Labari ne, kuma tun yanzu ina gaya muku ba mai daɗi ba ne.

Akwai wani mutum a nan garin Cradley na ƙasar Ingila, sunansa Royston Hingley. Shekarunsa hamsin da bakwai, yana da kamfanin sa tagogi da ƙofofi, rabin gidajen unguwarmu shi ya sa musu taga. Allah ya ba shi abin hannu, amma ranar da aka yi rabon kunya ba ya nan.

A garejin gidansa akwai baburan Ingila na da guda bakwai, su Norton, su Triumph, su Velocette, an jera su a kan kafet, kowanne sai ɗaukar ido yake. Sai dai ko ɗaya bai taɓa shan ruwan sama ba. In za a yi taro, a 'yar tirelar da mota ke ja yake ɗaure su, ya sauke a bayan fili, ya turo da hannu. Shi ya sa 'yan kulob ɗinmu na tsofaffin babura suka laƙaba masa Roy Tirela.

Duk ranar Alhamis in an haɗu shan shayi, Keith Darby, wani ƙaton direban babbar mota mai bakin tsiya, sai ya tsokane shi.

"Roy, ya yaran? Sun tashi lafiya? Ka dai rufa musu bargo ko? An ce yau za a yi sanyi."

"Ka ji da naka mai ɗiga kamar kwando," in ji Royston.

"Nawa yana ɗiga ne don yana tafiya. Af, na manta ban gaya maka ba, ramin nan na saman tanki, fetur ake zubawa a ciki."

Sai a kwashe da dariya. Royston ya yi yaƙe, amma abin yana cin sa a rai. Ya san abu ɗaya ne zai rufe wa Keith baki, wato Kofin Dutse.

Kowace shekara a watan Yuli kulob yakan yi babban taro a wani fili kusa da garin Bewdley. Alƙalai su zagaya su zaɓi babur ɗin da ya fi kowanne. Sharaɗin shi ne mai babur ya gyara abinsa da hannunsa, kuma komai na jiki ya zama kamar yadda ya fito daga kamfani. Kuma ba a filin ake miƙa kofin ba. Sai wanda aka zaɓa ya buga kik a gaban jama'a, ya ja ayari mil goma sha biyar har saman dutsen Clee, a can ake damƙa masa.

Shekara tara Royston yana nema bai samu ba, don irin baburansa kowa yana da su. Babur ɗin da zai ciyo masa kofi kuwa yana nan a rumfar bayan gidan mahaifiyarsa.

Mahaifiyar tasa ita ce Mama Mavis, 'yar shekara tamanin. Tana da goma sha bakwai ta fara aiki a wani ƙaramin kamfanin babura mai suna Halbury, wanda ya rufe tun kafin a haifi yawancinmu. Aikinta jan layin ruwan zinare a jikin tanki, da ɗan siririn buroshi, ba ma'auni ba komai, numfashi ɗaya take ja daga kai har gindi. In ta gama sai ta sa haruffan sunanta a ƙarƙashin tankin, kamar yadda masu aikin kan yi.

Wani saurayi mai gwada babura a kamfanin, Cyril, ya ɗaga tanki ya ga haruffan, ya shiga tambayar mai su. Da ya gan ta sai ya sayi babur ɗin, ya kuma aure ta. A kansa suka je bakin teku bayan biki, a kansa suka tsufa. Da Cyril ya rasu, ita ta ci gaba da hawa har ta kai saba'in. Yau irin wannan Halbury bai kai goma ba a duniya.

Duk mai tsohon babur ya san halinsu. In ya daɗe a ajiye, baƙin mai yakan tsiyaye daga tankinsa ya taru a ƙasan inji, ranar da ka tayar sai hayaƙi ya turnuƙe unguwa, mai ya malale a ƙasa. Shi ya sa wasu kan sa ɗan famfo a jikin tiyon mai, su rufe in za su ajiye. Matsalar ɗaya ce tak. In ka manta ba ka buɗe ba ka hau titi, injin zai yi 'yan mil kaɗan a bushe, sannan ya ƙame.

Don haka kowa da dabarar tuna wa kansa. Wani ya rataya makulli a jikin famfon, wani ya ɗaura ƙyalle. A gidan Hingley safa ce. Wata 'yar jar safa ta jariri, Mavis ce ta saƙa wa Royston da hannunta, ɗayar ƙafar ta ɓata tun yana rarrafe. In an rufe famfo sai a zura safar a kan kik. Ba yadda za ka buga kik ba ka gan ta ba. Shekara hamsin da 'yan kai suna haka, ko sau ɗaya injin bai kwana da ƙishirwa ba.

Sau da yawa Royston ya nemi babur ɗin, ita kuma ta ce sai bayan ranta.

Sai tsufa ya fara taɓa ta. Yau ta bar buta a wuta, gobe ta sa tabarau a firiji. Ba wani abin tashin hankali ba ne, likita ma ya ce in ana leƙa ta za ta iya zamanta a gida. Amma wajen Royston abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Cikin wata biyu ya gama cike takardu, ya samo mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi.

Ranar da ya zo ɗaukar ta, motoci biyu ya zo da su. Ɗaya ta ɗaukar ta, da direbanta, ɗaya mai jan tirela.

Tana tsaye a bakin rumfa da jakarta a hannu ya gungura babur ɗin waje. Ya ga safar, ya zare ta da yatsu biyu, ya wurga cikin kwandon shara.

"Roy, me ka yi haka? Famfon a rufe yake fa."

"Na sani, Mama."

"Za ka manta."

"Ni? Wai ke ce za ki yi wa wani maganar mantuwa? Ke da kika kusa ƙona gida saboda ruwan shayi?"

"Kowa yana mantuwa, ɗan nan. Babanka ya fi ka sanin inji sau goma, amma bai taɓa yarda da kansa ba. Shi ya sa muka sa safar."

"To ni ba tsoho ba ne. Kuma ba zan kai babur gaban alƙalai da tsumma a jiki kamar kayan bola ba."

Ta dubi kwandon sharar. Can ta ce, "To ka yi mini abu ɗaya. In ka gyara, ka ɗauke ni a baya sau ɗaya, ko zuwa ƙarshen layi ne mu dawo."

"A sabuwar kujera? Mama, don Allah shiga mota, ana jiranmu."

Kafin ta shiga, ta dafa bango ta sunkuya a kan kwandon sharar, ta tsamo safar, ta karkaɗe, ta sa a aljihun rigar sanyinta. Yana kallo, ya girgiza kai, ya ce wa direban, "Ka gani ko? Shara take tsinta yanzu."

Ku kuwa kun san Royston ko fulogi bai iya canzawa ba. A ɓoye ya kai babur ɗin garejin Lenny Tromans, wani tsohon bakanike da ya koyi aiki a hannun Cyril. Lenny ya wanke inji, ya gyara birki, ya ɗaure kaca. Da aka zo kan tanki sai ya ajiye sifana.

"Roy, wannan fentin kada a taɓa shi. Hannun mahaifiyarka ne. A goge shi da mai kawai, ya fi sabo daraja."

"Ya dusashe. Kuma dubi layin nan, a nan ya yi kauri, a nan ya sirance. A kankare, a fesa sabo, a manna layin na'ura."

"Da haruffan sunanta na ƙasa?"

"Duka na ce. Aiki na kawo maka, ba wa'azi na zo ji ba."

Lenny ya kankare, ya ce mini wallahi ranar bai iya cin abincin rana ba.

Sai maganar famfo. Royston ya san in alƙalai suka gani za su cire shi daga gasa, don ba daga kamfani ya zo ba. Ya kuma san in aka cire famfon, babur ɗin zai yi masa hayaƙi ya zubar da mai a gaban jama'a. Sai ya sa Lenny ya mayar da shi bayan murfin gefe, ya shafe shi da baƙin fenti, yadda ko an leƙa ba za a lura ba.

"Abin da aka sa don a gani ka ce a ɓoye," in ji Lenny. "To ga shi na rufe shi, na rataya maka takarda a kan kik."

Royston ya fizge takardar ya dunƙule. "Ku duka kun ɗauke ni sakarai. Kuma ka ji, ranar taro kada in ga ƙeyarka a filin. Ni na gyara babur ɗin nan da hannuna, ka gane?"

"Na gane," in ji Lenny. "Allah ya kiyaye hanya."

Wata biyar Mavis tana gidan tsofaffi, sau biyu ya leƙa ta. Ana saura kwana uku taro sai ga shi da fure a hannu. Ba kewa ce ta kawo shi ba. Wani ɗan jarida ne ya ce zai so hoton matar da ta yi aiki a Halbury a tsaye kusa da babur ɗin.

Mavis kuwa murna kamar me. Ta sa aka gyara mata gashi, ta fito da rigar da take zuwa coci da ita, ta gaya wa duk 'yan ɗakin cin abinci ɗanta zai kai ta ganin babur ɗin Cyril.

Ranar Lahadi gari ya yi kyau, fili ya cika, ƙamshin fetur da soyayyen dankali ya gauraye ko'ina. Royston ya zaunar da ita a kan kujera kusa da tantin shayi, ya zagaya wajen masu tsaron fili da matan da ke zuba shayi, yana magana ƙasa-ƙasa, fuskar nan kamar mai tausayi.

"Ku yi haƙuri da ita, kanta ya tafi gaba ɗaya. Takan tashi ta kama ihu, wai mai, wai famfo, wai babana. In ta fara, ku riƙe ta kawai ku ba ta shayi. Ni kaɗai na san abin da nake gani."

"Ayya, Roy, sannu," suka ce. "Allah ya ba ka lada."

Da ɗan jarida ya iso aka taso da ita. Ta tsaya a gaban babur ɗin ta daɗe tana kallon tankin.

"Wa ya ja wannan layin?"

"Sabo ne, Mama. Dubi nan ki yi murmushi."

"Ba hannun mutum ba ne. Ba ya numfashi." Ta miƙa yatsa za ta bi layin kamar yadda ta saba.

Ya buge mata hannu. A gaban ɗan jarida, a gaban kowa, har sai da aka ji ƙarar.

"Kada ki shafa mini maiƙo, alƙalai suna zuwa!"

Ta janye hannun ta riƙe shi da ɗayan. Aka ɗauki hoton a haka, aka mayar da ita kujerarta.

A gaskiya tun da safe Royston yana tune da famfon. Ya dai ce a ransa bari alƙalai su wuce tukuna, kada a gan shi a tsugune yana buɗe murfi. Alƙalai uku suka zo, shugabansu wani dattijo mai farin gashin baki, Mista Pargeter. Suka leƙa nan, suka duba lambar inji, suka duba lambar jiki.

"Komai na asali ne, Hingley? Ba ƙari ba ragi?"

"Ko ƙusa ɗaya, ranka ya daɗe."

"Kuma aikin hannunka ne?"

"Wata biyar ban yi barcin kirki ba."

Da ƙarfe biyu lasifika ta kira sunan Royston Hingley. Kai jama'a! Fili ya ɗauki tafi, mutane suka yi masa caa, wannan ya ba shi hannu, wancan ya bubbuga masa kafaɗa. Har Keith Darby ya zo ya ce, "To Tirela, yau dai sai ka nuna mana ka san inda giya take." Royston ya ji kansa ya yi girma, ya sa hular kwano, ya haye. Famfo kuwa ya fita daga kansa fit.

Bugu ɗaya, bugu biyu, a na uku Halbury ya tashi da wannan gurnani nasa mai nauyi. Ba hayaƙi ko kaɗan. Babura sama da ɗari suka yi layi a bayansa. Mai sanarwa ya kawo makirufo bakinsa don ya ce wani abu.

Mavis tana jin ƙarar injin ta miƙe. Ta sa hannu a aljihu, ta ji safar. A gidansu ba a cire safa sai an buɗe famfo, kuma tun safe idonta yana kan ɗanta, ba ta ga ya sunkuya ko sau ɗaya ba.

Tsohuwar da sai an riƙe ta take tafiya, ranar ita ce ta keta jama'a, safa a sama.

"Roy! Mai! Ba ka buɗe mai ba! Kashe shi, Roy, famfon a rufe yake!"

Royston ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya tuna. Gaskiyarta ne.

Mutanen da ke wurin ba baƙin inji ba ne, kowa ya san abin da maganar take nufi. Keith ya matso, ba wasa a fuskarsa. "Roy, akwai famfo a jikin babur ɗin nan?" Mista Pargeter ma, da ke kan nasa babur a bayansa, ya ɗaga gira yana jiran amsa.

Abin da ake bukata bai fi minti ɗaya ba. Ya sauka, ya buɗe murfi, ya murɗa. Amma in ya yi haka, ya amsa a gaban kowa cewa ƙarya ya yi wa alƙalai, kofi ya tafi, kuma tsohuwar da ya ce kanta ya tafi ita ce mai hankali. Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi jama'a, ya jawo makirufo.

"Kun dai gani da idonku. Babu wani famfo a babur ɗin nan. Mahaifiyata ce, ba ta cikin hayyacinta, jiya ma ta ce babana yana jiran ta a waje. Don Allah ku tafi da ita kafin ta ji wa kanta ciwo."

Duk filin ya ji ta lasifika. Wasu suka ce ayya, wasu samari suka yi dariya. Masu tsaro biyu suka kama ta, ɗaya a kowane hannu.

"Ku sake ni! Ƙalau nake! Ɗana ne, zai mutu! Roy!"

"To Mama, mun ji, za a buɗe. Zo ki sha shayi."

Suka ja ta, takalminta ɗaya ya fita, ba wanda ya tsaya ɗauka. Royston ya sa giya ya fita daga filin.

Dabararsa ita ce da ya sha kwanar farko ya tsaya kamar zai gyara igiyar takalmi, ya buɗe abinsa ba wanda ya gani. Amma da ya waiga sai ya ga Mista Pargeter a manne da shi, Keith yana biye, sauran ayari har iya ganinsa. A bakin titi kuma mutane ne tsaye suna ɗaga masa hannu. Ya ce bari a wuce nan. Aka wuce, sai ga wasu. Ya tuna akwai gidan mai a mil na biyar, ya ce a can zai shige bayan gini.

A mil na uku zafin injin ya fara dukan ƙafarsa. Gurnanin ya sauya, ya koma wani busasshen kuka. Duk wanda ya saba hawa, da ya ji haka zai ɗora yatsu a kan kuloci ya gangara gefe. Royston ya ji, ya ƙara murɗa totur don ya yi saurin isa.

A mil na huɗu akwai gangare mai kwana, da shingen ƙarfe a gefe. Ɗan jaridar nan ya riga su zuwa, ya durƙusa da kyamara. Royston ya gan shi, ya saki hannun hagu, hannun kuloci ke nan, ya ɗaga sama.

A nan injin ya ƙame. Tayar baya ta tsaya cak, babur ya juya gefe ya kwanta a kan ƙafarsa ta dama, ya ja shi a kan kwalta har suka daki shingen. Ƙarfen fistin ya karye ya fasa jikin injin, daidai inda lambar injin take.

Allah ya sa na baya suka kauce. Bayan motar asibiti ta tafi da shi, Keith ya durƙusa kusa da abin da ya rage na Halbury, ya ɓalle murfin gefe. Ga famfo nan an shafe shi da baƙin fenti, a rufe gam. Ya kira Mista Pargeter ya nuna masa. Mutum sama da ɗari a tsaye a bakin titi suna kallo. Keith da bakinsa ba ya shiru, ranar kuka ya yi, yana cewa, "Ta gaya mana. Matar nan ta gaya mana, muka ba ta shayi."

Mavis tana cikin tanti, an zaunar da ita an tsare ƙofa, ta ji jiniyar motar asibiti ta wuce. Matan da ke wurin sun ce ba ta yi kuka ba. Ta dai dubi safar da ke hannunta, daga nan ba ta ƙara gane kowa ba.

Likitoci sun yi iya yinsu, amma sai da aka yanke wa Royston ƙafar dama daga ƙasan gwiwa, ƙafar da ake buga kik da ita. Halbury kuwa Lenny ya duba ya ce ba abin da zai tashe shi, don babu inda za a samo wani injin. Kulob bai kori Royston ba, bai kuma aika masa ko kati ba. Sunan Roy Tirela ya mutu, don ba mai sha'awar tsokanarsa kuma. An ce alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi, to wannan bai yi nisa ba ya cim ma mai shi.

Wata huɗu yana kwance yana juya abu ɗaya a ransa. Ba kofin ba, ba ma ƙafar ba. Fuskarta yake gani lokacin da ake jan ta, da takalmin nan guda a kan ciyawa. Ya ƙudura in ya tashi zai je ya roƙe ta gafara, ya fito da ita daga gidan nan, ya kai ta nasa.

Da aka sallame shi, ba wanda ya samu ya kai shi sai Lenny. Wata ranar Talata da rana suka je. Suka same ta a bakin taga, ta rame, safar tana dunƙule a hannunta. Mai kula da ita ta ce ko wanka za a yi mata ba ta sakinta.

Royston ya jingine sandunansa, ya zauna a gabanta.

"Mama."

Ta ɗago ta dube shi, irin kallon da ake yi wa baƙo mai kirki.

"Sannu, bawan Allah. Daga filin kake?"

"Mama, ni ne. Roy ne. Na zo ki yafe mini. Gaskiyarki ne, famfon a rufe yake, kuma na sani. Ƙarya na yi miki a gaban mutane."

Ta kama hannunsa da ƙarfi. "Ka san Roy? Yawwa, Allah ya kawo ka. Ɗana ne, yanzun nan ya fita, bai yi nisa ba. Bai buɗe mai ba. Na gaya musu sun ƙi ji, wai kaina ya tafi. Kai da ganinka mai hankali ne."

"Mama, dube ni da kyau."

"Ba shi da mugunta, ka ji, mantuwa ce kawai. Tun yana ƙarami haka yake in ya ga mutane." Ta tura masa safar cikin tafin hannu, ta naɗe masa yatsu a kai. "Ungo, kai masa, da ya gani zai tuna. Tashi mana! Yi gudu, za ka same shi kafin gangare."

Sai idonta ya sauka a kan wandonsa da aka naɗe aka maƙale a gwiwa. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙa hannu a hankali ta karɓe safarta.

"Ayya, sannu. Kai ba za ka iya ba. Bari in jira wani."

Ta mayar da fuskarta ga taga.

Shekara biyu ta ƙara a duniya. Duk ranar Talata Royston yana zuwa, duk ranar Talata tana tambayarsa ko ya san Roy, ta ba shi safar, ta ga ƙafar, ta karɓe. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta daina neman wanda zai tsayar mata da ɗanta ba, shi kuma bai samu ko sau ɗaya ta dube shi ta ce na yafe ba.

Darasi: Wanda ya tuna maka abin da ka manta ba raina ka ya yi ba, ƙaunarka yake. Royston bai rasa ƙafarsa don ya manta ba, kowa yana mantuwa. Ya rasa ta ne don an tuna masa, ya san gaskiya ce, amma ya gwammace ya mayar da mahaifiyarsa mahaukaciya a bainar jama'a da ya sunkuya na minti ɗaya. Kada tafin mutane ya sa ka ƙaryata iyayenka, masu tafi gida za su tafi su bar ka da abin da ka shuka. Kuma in akwai wanda ka zalunta, je ka nemi gafararsa yau, tun yana iya gane fuskarka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ya kama hanyar gangare da famfonsa a rufe, wannan ya tsayar da shi.